Hannun da Ya Riƙe Nawa

Shekarata saba'in da takwas, abin da zan faɗa kuwa ya kai shekara hamsin. Warin kananzir ne ya tuno mini marigayi maigidana, wanda ya koya mini aikin difensa, wato ba da magani da yin allura, a Roni.

A zamanin nan dafa allurai ake yi a kan risho. Al'adarsa, muddin suna tafasa, kowa ya zauna, ya sha fura, ya ambaci Allah. Shekarar da ƙyanda ta yi ɓarna na ƙi zama, na wuni tsaye da yunwa. Na zo yi wa wata jaririya allura hannuna yana rawa, sai maigidana ya riƙe shi.

"Ɗana, ajiye. 'Yar mutane ce."

"Baba, layi ya kai gindin tsamiya."

"Layi zai jira. Ƙafarta in ta shanye, ba ta dawowa."

Na zauna ina fushi, har ya rasu ban gode masa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini. Hauwa ungozoma ta shaida wannan, tana nan Gwiwa da ranta.