Rabin Tuwon Inna

Mun tashi da asuba, amma motarmu ba ta bar tashar Shinkafi ba sai da rana ta fito sosai. Yanzu saboda 'yan bindiga babu direban da ke hawa hanyar Kaura shi kaɗai, sai motoci sun taru a tafi a jere. Mu uku ne daga ƙaramin asibitin garinmu: malamin asibiti, da ungozoma, da ni. Aikina auna nauyin yara ne da kiran suna, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Shi ya sa tun a tasha nake ta duba takardar da aka gayyace mu taron ƙara wa juna sani a Kaura, don ina tsoron da kuskure aka sa sunana. Malamin ya ce, "Mai da ta aljihu, Malam, kar ka cinye ta da ido."

Damuwata ta gaskiya tana gida. Bara Inna, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Ta miƙe, tana takawa da sanda, amma kullum ramewa take yi. Duk tuwon da aka kai mata rabi take ci. Mun kai ta an duba idonta saboda yawan buge ƙofa, aka ce ido lafiya lau. Ragowar tuwon kuwa ba mu ɗauke shi matsala ba, tunda babba a gidanmu yakan rage wa jikoki. Ni da bakina nake cewa yara su yi mata addu'a kafin su ci.

Hanya ta lalace fiye da yadda na san ta, kuɗin mota kuma ya kusa ninkawa. Gonaki da yawa a gefen titi ba a nome su ba, sai ciyawa. A Moriki muka tsaya, ranar ba kasuwa, amma na samu hoce mai zafi, gurasar dawa ta wajenmu. Ungozoma ta sayi fura, direba ya hana ta damawa, wai ba wurin zama ba ne. Daga nan har Kaura babu mai magana, kowa bakinsa na motsi da addu'a.

An yi taron a wani ɗaki mai fanka ɗaya, da ma'aikata daga Zurmi da Sakajiki da Banga. Na zauna can baya. Wata likita ce ta koyar, da Hausa, na gode Allah. Ta ce ido ɗan aike ne kawai, ƙwaƙwalwa ce ke gani. Idan sanƙarau ko zazzaɓi mai tsanani ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ko babba ya samu shanyewar jiki, ido na iya zama garau amma saƙon bai isa ba. Ta koya mana gwaji: ka zauna gaban mutum, ya kalli hancinka, ka motsa yatsa ta dama, sannan ta hagu, ka ga inda ba ya lura. Muka gwada da juna. Mutumin Zurmi da aka haɗa mu ya ce hancina ya tare masa komai, aka yi dariya.

Sai ta nuna hoton kwano. An cinye gefe ɗaya tas, ɗaya gefen ko taɓa shi ba a yi ba, kamar an raba da wuƙa. Ta ce, "Mai wannan kwanon bai ƙoshi ba. A wurinsa abincin ya ƙare."

Na ajiye birona. Haka kwanon Inna yake dawowa, kuma kullum gefen hagu. Wata nawa ina kallonsa, har ni ma na sha ɗiba a ciki.

Da aka tashi na daure na samu likitar, na faɗa mata komai. Ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai an ga Inna a babban asibiti, kuma in kawo ta. Kafin nan in riƙa juya mata kwano, a zo mata ta dama, a koya mata waiwayawa hagu. Na nemi gida a waya, babu sabis. Mota kuma ba ta komawa sai washegari. An ba mu shinkafa da wake, na kasa ci.

Mun iso gida bayan azahar. Ko wanka ban yi ba na shiga ɗakin Inna da tuwonta. Na gaishe ta, na zauna ta damanta. Ta ci rabi, ta suɗe hannu, ta yi hamdala. Na sa yatsa biyu na juya kwanon a hankali.

Ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Kai, wa ya ƙaro?"

Na ce, "Naki ne, Inna. Dama yana nan."

Ta ce, "Ni na ɗauka hatsi ne ya yi maku kaɗan, tunda ba a zuwa gona. Shi ya sa ban ce komi ba."

Ta cinye shi duka. Ni kuwa na juya fuskata bango.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mun yi mata kara, ita ma ta yi mana kara, yunwa kuma tana cin ta a tsakani. Yanzu duk wanda aka kawo asibitinmu aka ce idonsa lafiya amma yana tuntuɓe, sai na sa shi ya kalli hancina, in tambayi yadda kwanonsa ke dawowa. Mun shirya kai Inna Kaura, hanyar tana ba ni tsoro, amma za mu je. Jikokinta dai sun fara ƙorafi, wai kakarsu ta koyi rowa.