Zanen da Hauwa ta gani

"Haka suka yi wa Baba?"

Ƙanwata Hauwa ce ta tambaya jiya a gidan Khala, 'yar'uwar mamarmu, a unguwar Utaibiyya, nan kusa da Harami. Shekararta shida, Baba kuma kwanansa ashirin da rasuwa.

Yaya Rahma, 'yar Khala mai karatun jami'a, ce ta buɗe mana wani zane a waya. Ƙwarangwal rututu suna jan mutane, ga kare yana cin gawa. Wai sananne ne, har layi Turawa suke yi su gani.

Mu mata ba a zuwa da mu maƙabarta. Daga Harami aka wuce da Baba bayan an yi masa salla, Hauwa ba ta ga inda aka kwantar da shi ba. Sai wannan ta gani.

Ni da ko gaisuwa sai an matsa min, sai na ji bakina ya ce, "Yaya, kashe wayar nan!"

Ta ce, "Ya binti, ke yarinya, fasaha ce fa."

Na ce, "To gaya wa Hauwa haka."

Ta kalli Hauwa, ta kife wayar.

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ku da kuka yi rashi, me kuka faɗa wa ƙannenku suka daina tsoro?