Injin ɗalibina a tsakiyar kogi

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da direban kwalejinmu da wani abokin aiki. Ni malamin gyaran injuna ne. Makaranta ta tura ni Lolo, a kan iyakar Benin, in duba ɗalibinmu da ke sanin makamar aiki wajen wani mai gyaran injin jirgin ruwa, in kuma lallaɓi mutumin ya riƙa karɓar mana ɗalibai duk shekara.

Har Bagudo hanya ba laifi. Daga can kuwa sai ramuka da shingayen jami'an tsaro, kowa da irin tambayarsa. Mun tarar da Lolo ranar kasuwa, albasa da shinkafa da bandar kifi ko'ina. Naira na ci, sefa na ci, a rumfa guda ka ji Hausa da Dandanci da Faransanci. Na sayi dogon burodin nan na Benin da soyayyen kifi na cika ciki.

Rumfar maigidan tana bakin kogi. Dattijo ne marar yawan magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna wani inji da ɗalibina ya kwance ya ɗaura da safen ranar.

"Mallam, mu nan wanda duk yag gyara inji shi ka fara hawa. Kai da kat turo shi, ku tai tare."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Abokin aikina ya ce kansa na ciwo. Ni ko iyo ban iya ba, kuma rigar kariya babu ko ɗaya. Amma in na ƙi, na faɗa wa mutumin ke nan ban yarda da koyarwata ba, ɗalibanmu kuma sun rasa wurin. Na shiga jirgin da aka ɗaura wa injin, tare da ɗalibina da maigidan.

Mun yi sama har muna hango gaɓar Benin, sai injin ya yi tari ya mutu. Wallahi ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Ruwa ya juya jirgin ya fara janmu gefe-gefe, yana tsartuwa ta tsakanin katako yana jiƙa mini takalma. Maigidan ya nuna wani wuri da leɓe ya ce dorina na kwana can. Na riƙe katako har farcena ya karye, duk addu'ar da na sani ta gudu sai Innalillahi.

Na roƙi dattijon ya sa hannu. Ya naɗe hannuwansa abinsa.

Ɗalibina ya tsuguna, jirgi na tangaɗi, ya bi abin daki-daki yadda muke yi a aji. Ya duba fulogi, akwai wuta. Ya bi tiyon mai, ya zuba man a tafin hannu, ashe ruwa ne a ciki. Ya tsiyaye kafireta, ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, shiru. Can dai injin ya kama, ni kuwa hawaye nake ba kunya.

A gaɓa maigidan ya ce nasa almajiran da canza fulogi za su fara, don haka yana so mu koya musu wannan bin diddigin da wayoyin sababbin injuna. Shi kuma zai karɓi namu ya koya musu aiki a kan ruwa, tunda injin kwalejinmu a kan tebur yake, ba ya tangaɗi. Sharaɗinsa dai na nan: malami ya hau tare da kowane ɗalibi.

Mun iso gida bayan la'asar sakaliya, shugaban kwaleji ya amince da tsarin. Abin da na koya shi ne, haɗin kai da masu sana'a ba ya yiwuwa sai malami ya yarda ya ɗora ransa a kan abin da ya koyar. Akwai wani ɗalibi da ke gyangyaɗi a bencin baya. Jiya na dawo da shi gabana, don wata rana injinsa zan hau.