Ranar da aka kusa binne katifata

Shekarun baya, tun kafin yaƙin nan, mudira, wato shugabar tsohuwar makarantarmu ta kwana, ta buga mini waya Damazin, inda nake sana'ar riɗi. Ta ce gadajen ɗakin kwana sun ruɓe, 'yammata a ƙasa suke kwana, har kunama ta harbi ɗaya. Mai duba makarantu ya ce idan ya dawo ya tarar da haka zai rufe ɗakin. Rufe shi kuwa na nufin duk yarinyar da ƙauyensu ke nesa ta gama karatu ke nan. Ni ma da ba don ɗakin nan ba, da ko sunana ban iya rubutawa ba.

Na sa aka saƙa mini angarib, gadon igiya irin namu, cike da lori, da katifu. Ba zan ɓoye muku ba, ina son a yi mini guɗa. Har sabon tob, lulluɓin matanmu, na saya, ja, na nuna wa gwaggona shi ta waya.

Damina ce, kun kuwa san laka ta Jazira. Muna kaiwa bakin hanyar ruwa ta garinmu, kusa da Wad Haddad, lori ta kafe. Na sami wasu 'yan ƙwadago huɗu na ce su fara kai gado ɗaya don mudira ta san mun iso. Muka naɗe katifa muka ɗora a kai. Ana yayyafi, sai na ciro sabon tob ɗina na lulluɓe ta. Suka saɓa a kafaɗa suka yi gaba, ni kuma na tsaya neman amalanken jaki.

Ko kaɗan ban tuna cewa a kan angarib muke ɗaukar gawa ba.

Duk namijin da ya gan su sai ya yar da fartanya ya bi. Kowa na son lada, wannan ya karɓi kafaɗa, wancan ya karɓa, kuma ba a surutu a bayan gawa. Kafin a kai masallaci an ture 'yan ƙwadagona can baya, suna magana ba mai sauraronsu. Gwaggona ta leƙo daga ƙofar gida, ta ga jan tob, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ɗiyata! Tob ɗinta ne, wallahi shi ne!"

Da na iso a amalanke, na lulluɓe kaina da tsohon mayafi saboda ruwa, sai na tarar garin ya kaure da kuka. Na tambayi wani dattijo wa ya rasu. Bai ko dube ni ba.

"Hajjar nan mai riɗi ta Damazin. Allah shi jiƙan ta. Akwai baki, amma kin ji gawar? Ba nauyi ko kaɗan. Mumina ce."

Sai da na ɗan ji daɗi kafin na hango sun bar hanyar makaranta sun nufi maƙabarta. Na dire daga amalanke na shiga laka da gudu ina ihu, "Ya jama'a, ku tsaya! Katifa ce!" Wasu samari da suka gane fuskata suka ranta a na kare. Liman ya ɗaga tob ɗin a hankali, ya daɗe yana kallon katifa, sannan ya juyo.

"Halas, shi ke nan, tunda mun fara neman lada, sai mu ƙarasa. Ina sauran?"

Haka mazan garin nan suka kwashe gadajen a kafaɗa, ana ta dariya, har ɗakin kwana. Da yawansu ranar suka fara taka ƙofar makarantar, suka ga tabarmin da 'ya'yan mutane ke kwana a kai, dariyar ta ɗauke. Ba a rufe ɗakin ba.

Har yau idan na tuna sai na yi dariya, amma zuciyata takan yi sanyi, don na ga da idona yadda mutanenmu za su yar da aikinsu su ɗauke ni. Gwaggona ce kawai ba ta huce ba. Da na je gaishe ta, ko tabarma ba ta shimfiɗa mini ba.

"Na riga na yi miki kukanki," ta ce. "Ranar gaskiya kada ki sa rai."