Ranar da Na Ɓace Tsakanin Shago da Wurin Biya

Ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina kaf, ba zai kwashe ranar da na'ura ta rantse na ɓace ba, alhali ina zaune bisa tabarmata a Goronyo ina shan fura.

Ni dai aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a bakin gulbi na yi shi. Amma Allah ya ba ni ɗiya mai boko. Ita ta buɗe wa ƙungiyarmu ta manoman tafarnuwa shago a intanet, tana saka talla a waya, ciniki ya fara motsi. Sai na'urar da ke bin sawun masu shiga shagon ta zo da labarin ban haushi: wai duk wanda talla ta kawo yakan cika kwandon sayayya ya tsere bai biya ba, masu biya kuwa baƙi ne da sunka faɗo daga sama.

Shugaban ƙungiya, abokina tun muna yawo ba wando, ya ce baƙin nan mutanensa ne na kudu, ba talla ta kawo su ba. Ran Juma'a za a rufe shagon a koma ga dillalai. Wahalar ɗiyata ta shekara biyu za ta tashi a banza ke nan.

Ran Laraba da hantsi na iske ta gaban kwamfuta ta yi tagumi.

"Ke, mi anka yi?"

"Baba, ba za ka gane ba."

"Aji uku fa na yi! Gwada ni."

Ta ce shagon gida ne mai ɗaki biyu, sunan gidan ɗaya amma kowane ɗaki da adireshinsa: nan a zaɓi kaya, can a biya. Na ce to, bari in sayi tafarnuwata da kaina mu gani. Na danna talla da wanga yatsa nawa mai kama da taɓarya, na cika kwando, na biya.

Ta duba. "Mutum guda ya gudu daga shago. Baƙo guda ya biya."

"Wa ya gudu?"

"Kai."

"Baƙon fa?"

Ta dube ni. "Shi ma kai ne, Baba."

Nan take na tuna ƙuruciyata, sadda nake fito da kwalekwale wajen Rimawa. Ran kasuwa, tun daga wagga gaɓa muke shafa wa kowace akuya shuni a kunne, don mai karɓa a waccan ya san ta wane ce. Na ce, "Na'urarki tana shafa shuni kuwa?"

"Tana yi. Kuki ake ce mai, sunan wani biskit na Turawa."

"Biskit? Shi ya sa. An cinye shi a hanya."

Ba ta yi dariya ba, zumbur ta miƙe zaune. Ashe shaidar a ɗakin farko kaɗai take aiki, da mutum ya ƙetara sai ɗaki na biyu ya ɗauke shi baƙo ya shafa mai sabuwa. Ta maida shaidar bisa sunan gidan gaba ɗaya, ta kuma gaya wa na'ura wurin biya ɗan gida ne. Ni kuwa ina gefe ina gyaɗa kai kamar injiniya.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci munka taru. Ta nuna masu saye na kwana biyun nan, ga sawunsu tun daga talla. Shugaba ya ce bai yarda ba. Na ce, "Alhaji, sayi da kanka."

Ya saya yana hura hanci, ita kuma tana karanto wa jama'a: "Ya shigo ta talla. Ya cika kwando. Ya ga kuɗin motar kai kaya, ya koma baya. Ya dawo, ya sake komawa. Ya biya."

Na ce, "Alhaji, rowar taka har na'ura ta shaida ta!"

Dariya ta kece, har shi. Da bakinsa ya ce kada a rufe shagon, kuma shagon yana nan har yau.

Tun rannan na koyi abu guda: kafin ka ce mutane sun guje ka, duba ko mai ƙirgan naka yana gane su in sun ƙetara. Aji ukun nan kuwa, yanzu aji biyar Alhaji yake faɗi in yana gabatar da ni.