Binciken Yaya a Kan Tumatir

Yayana ya rasu da damina, bayan doguwar jinyar ƙoda. Kafin ciwon ya kwantar da shi, ya daɗe yana kai-komo tsakanin gidanmu na Agege da kasuwar kayan gwari ta Mile 12, yana binciken yadda za a rage ruɓewar tumatir ɗin da ake saukewa daga Arewa. Da sassafe yake shiga motar haya ta danfo, ya dawo rigarsa na warin kwando.

Bayan sadakar arba'in, malamarsa ta jami'a, wata dattijuwa Bayarabiya, ta zo gidanmu. Ta zauna a tabarma kusa da Mama, ta ce ta tura rubutun binciken ga wata mujallar kimiyya, da sunan Yaya a gaba, amma an dawo da shi. Ta ce yanzu kafin ɗan adam ya karanta irin wannan rubutu, na'ura ce ke fara dubawa: ko lissafin ya dace da juna, ko an bayyana yadda aka yi aikin, ko an haɗo ainihin sakamakon awo don wani ya iya maimaitawa. Awon ne babu. Taƙaitawa kawai Yaya ya ba ta.

Mama ta ɗago kai. "Wato na'urar cewa take ɗana ƙarya ya yi?"

"A'a, Alhaja," in ji malamar da Yarbanci. "Ba ta san shi ba. Kowa haka take tambayarsa."

Awon yana cikin kwamfutar Yaya, kwamfutar kuma tana ƙarƙashin gado ranar da ruwa ya shiga ɗakinsa, mu duk muna asibiti. Na kai ta Ikeja wurin masu gyara. Mai gyaran ya buɗe, ya nuna mini tsatsa, ya ce, "Anti, ki yi haƙuri, wannan ta tafi." Na bincika wayarsa kaf. Hotunan kwanduna ne kawai, sai wani da ya ɗauke ni ina barci baki buɗe.

Na ji haushin na'urar nan sosai. Na kira malamar na ce ta rubuta wa masu mujallar cewa mai aikin ya rasu, su yi masa uzuri. Ta ce, "'Yata, shi kansa ba zai yarda ba. Sau nawa ya shigo ofishina yana faɗa a kan binciken da ya gwada maimaitawa ya kasa, don masu shi sun ɓoye awonsu?" Na san gaskiya ta faɗa, haka Yaya yake. Na kashe wayar na yi ta kuka.

Rubutun bai fito ba. Malamar ta ba wata ɗaliba aikin ta faro daga tushe, ta ce za a ambaci Yaya a wajen godiya. Ni na raka ɗalibar Mile 12 don in nuna mata mutanen da ya yi aiki da su. Wani dattijo ɗan gwari ya gane ni tun daga nesa, ya taso da fara'a.

"Hajiya, ina mutumina? Kwana biyu ya guje mu. Ki ce masa sabon kaya ya iso."

Ashe babu wanda ya sanar da su. Na tsaya a cikin caɓin kasuwar na faɗa masa. Ya cire hularsa, ya zauna a kan wani kwando da ke kife, ya daɗe yana salati.