Barewar da ba ta san gudu ba

Mun tashi da asuba daga unguwar Zariya ta Maraɗi, ni da ƙawata, a kan kabu-kabu biyu, muka nufi Tibiri. Na girma ina karanta littattafan da ake kwatanta idon masoyiya da na barewa, amma ban taɓa ganin barewar ba. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Hanyar ba laifi, sai dai awaki da suka mai da kwalta ɗakinsu. A Tibiri muka sha fura mai sanyi, mai arha fiye da ta birni. Tsohuwar da ta dama mana ta yi dariya da ta ji buƙatarmu. Ta ce da can bareyi har bakin gulbi suke zuwa, amma awaki da tumaki sun cinye ciyawar, gonaki sun cinye dajin, ragowar kuma karnuka da diloli sun bi 'ya'yansu. Ta ce mu gwada Jiratawa, akwai wani dattijo mai barewa a gidansa.

Muka ratso Maraɗi da rana tsaka, muka isa Jiratawa, cikin lambunan zogale masu ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nan na gan ta, siririya, tana kwance kusa da karen gidan dattijon.

Dattijon ya tsince ta ne tana jaririya, ranar da karnuka suka kashe uwarta. Akuyarsa ta shayar da ita, karensa ya zama abokin wasanta. Ya so ya mai da ita daji ta sami 'yan'uwa ta haihu, amma ranar da ya gwada, ta hango baƙon kare ta nufe shi da tsalle. Tabon na nan a cinyarta.

"Ɗiyata, ni na ɓata ta," ya ce mini. "Na ba ta komi, ban bar mata tsoro ba."

Yanzu kullum sai ya buga kwano ya kore ta, ko za ta koyi firgita. Ya buga a gabanmu. Ta yi taku kaɗan, ta dawo tana lasar hannunsa. Ya juya mana baya yana gyara hula.

Mun dawo gida da la'asar da damin zogale. Na tafi ina zaton ƙauna ita ce a kare abin so daga duk wani tsoro. Na dawo na san cewa barewar da aka raba da tsoro an raba ta da daji.